Masu Cin Gashin Gwanki

Kan gwankin da marigayi Baba ya harbo yana rataye a falonmu na unguwar Roumdé Adjia, kuma ni ce mai share shi. Da na ga gashin wuyansa yana raguwa, nan take na gane aikin hannu ne. Goggo Dija, maƙwabciyarmu matar mahauci, kullum ta shigo sai ta tsaya ƙarƙashinsa tana ƙura masa ido. Me za ta yi da gashin gwanki in ba kai wa boka ba?

Sati biyu ina rubuta lokutan zuwanta a littafin waƙoƙina. Ranar Juma'a, gaban Inna da yayyena, na ce cikin ladabi, "Goggo, mun san komai."

Goggo ta miƙe. Ta hau kujera, ta ɗan bugi kunnen gwankin. Ƙananan tsutsotsi masu gashi suka zubo kan ɗankwalina.

"Ga ɓarayinki nan, 'yata. Tun bara na ce wa Innarki a sa kafur."

Gwankin ya tsira da sanƙo. Ni kuwa har yau in na wuce, sai Goggo ta ɗaga hannaye sama kamar ta ga shugabar 'yan sanda: "Madam Komisa, a caje ni!"