A Bar Mini Talatata da Hajiya Fourera

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Taimakon Juna na Hausawan Greensboro,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ni ne Garzali, wanda ya miƙe a walimar Sallah ya yi jawabi kan falalar aikin sa kai har aka tafa masa. Ban san kuna rubuta sunan mai jawabi ba. Washegari kuka kira ni, wai duk Talata in ɗauko Hajiya Fourera daga McLeansville in kai ta wankin ƙoda, tunda ɗanta Abdoul Razak direban tirela ne, yakan yi sati bai kwana gida ba, bas kuma ba ta bi ta wajensu. Ga kukana.

Na ɗaya: ni a sanina, a zauren taro ake aikin sa kai, da makirufo a hannu. Mutum yana tsakiyar digiri na uku a mai da shi ɗan tasi? Har yau ko hoto ba a ɗauke ni ba.

Na biyu: Hajiya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ita ke tuƙin. Da na ɗan taka mai sai ta dafe ƙirji: "Dusuma, a hankali, ɗana! Asibiti za ka kai ni, ba lahira ba." Har motar kwasar shara wuce mu take yi.

Na uku: wa ke taimakon wa? Likita ya hana ta gishiri da yawancin abin da take so, don haka duk abin da ta yi marmari sai ta dafa, ta ajiye a gabana, ta zauna tana kallo ina ci, tana tambayata ko yaji ya ji. Yaya zan ce na ƙoshi? Wandunana sun daina rufuwa, matata Suhaila kuma ta fara binciken dalilin da ba na taɓa tuwonta ranar Talata.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai: don na ɗan yi mita a guruf ɗinmu na waya cewa na gaji, sai na ji kun ba wani, wai shi Ubaidullah, aikina. Ranka ya daɗe, mita ai al'adata ce, ba takardar murabus ba. Shin Ubaidullah ya san cewa in an cire ta daga injin wankin ƙodar, jiri take ji, amma ba ta yarda a riƙe ta a gaban mutane? Ya san sai ka yi kamar kai ne ƙafarka ke ciwo, kana neman ta tallafe ka zuwa mota?

Talatar da ta wuce wata nas ta tambaye ta ko ni wane ne. Hajiya ta ce ƙaramin ɗanta ne, malalacin. Na buɗe baki in gyara maganar, sai na ji ba na so.

Don girman Allah a nema wa Ubaidullah wata tsohuwar.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,
Garzali Muhammad Awwal,
East Greensboro.