Ranar da Bangona Ya Tuɓe Riga a Gaban Baƙi

Abubuwa da yawa sun same ni sun wuce, amma Babbar Sallar da bangon ɗakin baƙina ya tona mini asiri, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin sai da kunya ta kama ni.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, ba nisa da Mai Wurno. Gidan da nake ciki na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma a ƙofar gidan akwai diwan, wato ɗakin da maza ke saukar baƙi. Ginin laka ne, irin wanda ake ɗora curi a bari ya sha iska sannan a ɗora wani. Tun muna yara, in an sauko daga idi, nan mazan danginmu ke taruwa, kowane gida ya aiko da tiren abincinsa a ci tare. Da Baba ya rasu, da yake ni ne babba, sai taron ya zama nawa. Ba ni da mota, gonata ba ta fi ta kowa ba, amma ranar Sallah ni ke tsayawa bakin ƙofa ina cewa "ku shigo". Ina ji da wannan abu fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Sai ƙanena Hamza ya dawo daga Saudiyya.

Yaron da na goya fa! Yaron da nake ɗorawa bayan jaki in za mu gona yana kuka. Ya dawo da tumbi da agogo, ya sayi filin da ke daidai ƙofata, tsakaninmu hanya ce kawai. Ya haƙa tushen gini mai zurfi har na leƙa na tambaye shi ko rijiya yake nema. Aka yi ta sauke masa jan tubali daga wurin masu gasa shi a bakin kogi, ana jiƙa shi da ruwa kafin a ɗora. Aka yaɓe da siminti, aka shafa fenti ruwan sararin sama, aka kawo tagogin ƙarfe daga Sennar, aka rataya fanka. Masu wucewa suka koyi rage tafiya a ƙofarsa. Ni ma nakan ce "Ma sha Allah" da ƙarfi don a ji (bakina ne ke faɗa, zuciyata kuwa ba ta sa hannu ba).

Matata Hajara ce ta fara gano ni. Wata rana ta same ni tsaye da buta a hannu, na manta da alwalar, ta ce, "Malam, in kallo na rushe gini, da gidan ga ya daɗe da faɗuwa." Na ce mata iska nake sha.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganar Baffa Umaru, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne dattijon dangi. Mun fito masallaci sai ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Bana ko wurin Hamza za mu ci naman Sallah? An ce akwai fanka." Da wasa ya faɗa. Ni kuwa ranar ko tuwo bai wuce mini ba. Kishi ne ya kama ni tsirara, babu wani suna da zan sa masa.

To, a wurinmu duk mai ginin laka ya san aikinsa kafin damina: zibala. A haɗa laka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, a bar shi ya ruɓa kwanaki, a shafe bango da shi don ruwa ya riƙa zamewa. Yana da wari, ba ya da kyan gani, amma shi ya riƙe ɗakin Baba tun ina yaro. A shekarar nan na ce ni da kashin jaki har abada. Na sayar da ɗan maraƙina, na hau mota zuwa Sennar, na dawo da siminti da fenti. Na kira magini na ce ya yaɓe mini siminti kai tsaye a kan lakar. Ya dubi bangon ya dube ni ya ce, "Yadda kake so, Alhaji." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.) Bangon gaba kawai na sa aka yi, da gefen da ake hangowa daga ƙofar Hamza. Bayan ɗakin kuwa, wa zai zagaya ya duba? Har na sa ya ja layi da ƙusa tun simintin yana ɗanye, don a ɗauka bulo ne.

Ana cikin aikin sai ga Hamza ya ƙetaro, ya gaishe ni, ya tsaya yana kallo.

"Yaya, mi kaka yi haka?" ya ce. "Siminti ba shi kama laka. Ƙasag ga tamu in ta sha ruwa kumbura takai, in ta bushe ta tsage. Bangon na motsi, siminti ba shi motsi. Ruwa na shiga ta sama, khalas, shi ke nan, sai su rabu."

Na ce, "Uhm."

"Ko dai ka yi zibala awa kullum, ko a haƙa tushe gaban bangon a tada jan tubali layi guda, shi zan mishi riga. Ina da ragowar tubali, wallahi sai in sa a kawo maka."

Ragowa! Duk maganar da ya yi, wannan kalma kaɗai kunnena ya ɗauka. Ni zai ba ragowa? Na ce masa, "Hamza, lokacin da nike taya Baba ginin ga, kai ko wando ba ka sawa." Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Yaya," ya juya. Na shiga gida na shaida wa Hajara cewa yaron nan baƙin ciki yake da ni, ba ya son a ga bango biyu masu kyau a layi ɗaya. Ta daina tankaɗe ta dube ni ta ce, "Shi ka baƙin ciki da kai? To." Ta ci gaba da aikinta.

Gaskiya bangon ya yi kyau. Na shafa masa kore shar, ya fi na Hamza ɗaukar ido. Masu wucewa suka fara rage tafiya a ƙofata, ni kuma na fito da kujera. Baffa Umaru ya zo ya gani ya ce to, Sallah tana nan inda take. Sai damina ta kankama. Ana saura 'yan kwanaki Sallah aka yi ruwa mai yawa a jere. Na ga wata tsaga can sama, na ga tsakiyar bangon ya ɗan turo ciki. Hajara ta ce ɗakin yana warin danshi. Me na yi? Na ɗauko ragowar fenti na bi tsagar na shafe.

Ranar Sallah gari ya waye tas, rana ta fito. Maimakon a shiga cikin diwan kamar yadda aka saba, sai na dage a shimfiɗa tabarmi a waje, a inuwar sabon bangon, wai ciki akwai zafi. Aka jera tire: hanta, soyayyen nama, kisra (wainar dawa mai faɗi, marar kauri), miya. Cikin baƙi akwai mijin 'yar Baffa, ma'aikacin gwamnati ne a Damazin, ya daɗe bai zo ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Ma sha Allah! Rushe tsohon kuka yi kuka tada sabo da bulo?"

Duk wanda ke wurin ya san gaskiya. Kowa ya sunkuyar da kai kan namansa, aka bar ni da amsa. Da na ce "a'a, shafe ne kawai" da an wuce wurin. Amma na hango Hamza a ƙarshen tabarma yana tauna a hankali, sai shaiɗan ya miƙar da ni tsaye. Na ce, "Ai gini ba sai an je ƙasar waje ba. Ji nan!" Na ɗaga hannu na dallara wa bangon tafi.

Ƙarar da ta fito irin ta ƙwarya ce da aka kife. Na ji, kowa ya ji. Don in rufe wannan ƙarar sai na ƙara masa wani da ƙarfi.

A hankali abin ya fara. Wani falle mai faɗin ƙofa ya saki daga sama, ya ɗan tsaya yana rangaji, sannan ya taho. Baffa Umaru, wanda sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ranar shi ya riga kowa isa tsakiyar hanya, da tsokar nama a hannu. Fallen ya sauka rigijib a kan tiren. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma miya har kan rawanin baƙon Damazin. Ga bulona na ƙarya kwance cikin hanta, layin ƙusar nan tsaf. A bangon kuwa ga lakar Baba jiƙe sharkaf, ƙaiƙayi ya fito, gara na gudun neman mafaka.

Ni ina tsaye hannuna a sama, na rasa inda zan kai shi. Sai Baffa ya matso ya leƙa ya ce, "Ashe bangon marigayi Yaya na nan da ranshi. Zafi yaj ji yat tuɓe riga." Wurin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Daga cikin gida na jiyo ta mata, kuma na gane muryar Hajara a ciki.

Hamza kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ya yi, da na samu abin riƙewa a kansa. Sai kawai ya miƙe ya ce, "Jama'a, bismillah, mu ƙetara, akwai nama bisa wuta." Ni da kaina na naɗe tabarmin na ɗora a ka na ƙetara hanya da su. Na zauna ƙarƙashin fankar da na tsana, iskarta kuma tana da daɗi, abin haushi.

Da muka ɓanɓare sauran simintin bayan Sallah, sai muka tarar ruwan da ya maƙale a bayansa ya cinye lakar, saura kaɗan ɗakin ya zauna. Aka yi mini gayya aka gyara. Aka haƙa tushe, aka tada layin jan tubali a gaba, da ragowar nan da na ƙi. Bayan ɗakin kuma na koma wa zibala, da warinta da komai.

Don haka ku masu gini da hannunku, ku ji daga bakin wanda ya gani: laka da laka take zama, siminti da tubali. In bango ya tsage, ku nemi inda ruwa ke shiga, fenti ba magani ba ne. In kuma wanda kuke kishi ya ba ku shawara, ku saurara, don haushinsa da kuke ji bai hana ya fi ku gaskiya ba.

Ɗakina ya gyaru, amma taron Sallah bai dawo ba. Dattawa sun ɗanɗana fanka. Yanzu Hamza ke tsayawa bakin ƙofa yana cewa "ku shigo", ni kuma in shiga in zauna cikin baƙi. Ana addu'a kowa ya rufe ido, ni nakan ɗan buɗe nawa in bi kusurwoyin ɗakin ko zan ga tsaga. Har yau ban gani ba.