Rasuwar Mai-Gurnani, Jitar Malama Sharifa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, Malama Sharifa Iliyasu Kwandiko, wadda yayanta Jafaru ya ce kada ta kuskura ta kwance sukurun bayan jita, ita kuma ta dubi tsabar idonsa ta ce sai ta kwance, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna tsegumi, rasuwar jitarta ta bes, irin mai kaurin muryar nan, wadda matan Gwaram suka fi sani da Mai-Gurnani. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta wuce da la'asar sakaliya, a gidan biki, a kan cinyar mai ita, bayan ta sauke nauyin da ke wuyanta.

Marigayiyar haifaffiyar ƙasar Sin ce. Ta iso Birnin Kudu cikin kwali, shekarar da Sharifa ta gama hidimar ƙasa ta soma koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Baƙa ce wuluk, mai dogon wuya, tsirkiyarta huɗu kacal, amma ba ta taɓa yi wa mai shida hassada ba. Ba ta da rawar kai, ba ta son shiga gaba. Takan tsaya can ƙarƙashin kiɗa tana cewa dum, dum-dum, durum, kuma ba kunne ne ke fara jinta ba, ƙirji ne.

Ta ga rayuwa. Ranar da aka kai ta gida Kwandiko, Baba Iliyasu ya ce ba za ta kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Yaya Jafaru, ma'aikaci a sakatariyar Gwaram, shi ya durƙusa ya ce, "Baba, a bar mata. Cikin mata za ta riƙa yi, kuma ni na tsaya mata, yarinya ce mai jin magana." A kan wannan shaida aka buɗe mata ƙofa. Shi ne kuma ya riƙa goya su a babur, ita da mai ita, duk lokacin da aka yi gayya. Idan ba ya nan suka shiga bas, kwandasta sai ya ce wuyanta ya tokare fasinja, a biya mata kujera. Wani jami'i a shingen hanya ya taɓa ja da baya ya ce a buɗe jakar a hankali. Duk wannan marigayiyar ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Waɗanda suka san ta ba za su manta ranar da ta fara zuwa wajen Inna Tani, zabiyar masu kiɗan ƙwarya ta Gwaram ba. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Wannan kuma taɓaryar wa aka ɗaura wa waya?" Inna Tani ta ce a bar baƙuwa ta yi magana tukuna. Da ta yi, ruwan da ke ƙarƙashin ƙwarya ya kama rawa shi kaɗai. Tsohuwar ta gyara zama ta ce, "Yarinya, wannan ta san gindin waƙa. Matso nan kusa da ni." Tun daga ranar babu wunin biki ko suna daga Gwaram har Sara da ba a ji gurnaninta ba.

Ciwon ajali ya soma da farkon damina. Da fari ɗan tari ne, ƙrrr, ƙrrr, idan aka motsa wayar da ke haɗa ta da amfilifaya. Daga baya sai murya ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar waƙa, ta dawo lokacin da ta ga dama. Aka buga wa shagon da aka saye ta a Kano. Suka ce garantinta yana da rai, a kawo ta yadda take, kada a taɓa ɗan tambarin da aka manna a kan sukurun murfin bayanta. Su za su tura ta Legas, in ba ta gyaru ba a ba da sabuwa. Da aka tambayi yaushe za ta dawo, sai mai shago ya ce, "Malama, mu ma ido muke sawa. Wataƙila bayan kaka."

A nan gizo ke saƙa... a'a, a nan lamarin ya cije. Asabar ta sama Inna Tani za ta aurar da jikarta Juwairiyya, kuma ta riga ta faɗa wa duniya cewa daga wannan biki ta ajiye ƙwarya, ƙirji ya gaji. Ta kama hannun Sharifa ta ce, "Ko kowa bai zo ba, ke da Mai-Gurnani ku zo ku raka ni." Sharifa ta ce in dai da rai.

Yaya Jafaru ya zo har Birnin Kudu da babur ɗinsa, ya ce a naɗo ta, gobe zai kai ta Kano da kansa.

Sharifa ta ce, "Yaya, bayan biki."

Ya ce, "To, bayan biki. Amma kada ki taɓa ta."

Ta ce, "In ban taɓa ta ba, da me za ta yi bikin? Ko waƙa ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe."

Ya ce, "Sai ki je ki yi guɗa kamar kowa! Ke fa don kin karanta lantarki a takarda kike ganin kin fi kamfani. Na hana ki, Sharifa."

Ta ce, "Na ji ka, Yaya. Amma kamfani bai yi wa Inna Tani alkawari ba. Ni na yi."

Ya tada babur ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

An yi wa marigayiyar aiki washegari da hantsi, a tsakar gida, a kan tabarma. Mai ita tana so jama'a su shaida cewa ta gano cutar da kallo ɗaya: wata siririyar waya ce ta saki daga ɗan allon da ke zaman zuciyar jitar. Gyaran ba wani abu ba ne, ɗigon dalma ne kawai. Sai dai garin ya kwana biyu bai ga wutar lantarki ba, ƙarfen liƙinta yana kwance sanyi ƙalau, janaretan maƙwabta kuma ba mai. Ta duba gefe, ga kurfoti ana gasa masara. Ta tuna yadda masu liƙin bokiti da fitila ke yi a kasuwar Gwaram tun tana ƙarama. Ta samo ƙusa, ta cije ta da filaya, ta tura cikin garwashi har ta yi ja.

Aikin da ya dace da gindin bokiti, ashe zuciyar jita ba ta saba da shi ba. Dalma ta malala fiye da yadda aka gayyace ta. Wani ƙauri ya tashi wanda ba na masara ba. Amma da aka mayar da murfi aka soka waya, marigayiyar ta buɗe baki ta ce dum. Ta sake cewa dum-dum, durum, tas, ba tari ba shaƙewa. Sharifa ba ta faɗa wa kowa zancen ƙaurin ba, don likita ba ya tona asirin majinyaci.

Ranar biki Mai-Gurnani ta yi kiɗan da ba ta taɓa yi ba. Tsofaffin da suka zo da sanda suka jingine ta a bango. Uwar ango, wadda ta shigo tana yatsina, ɗankwalinta aka tsinto mata a ƙasa. Inna Tani ta yi waƙoƙinta na da da na yanzu, ta zo kan ta ban kwana, murya na rawa, bes na tallafe da ita daga ƙasa kamar mai riƙe da ƙugun tsohuwa a kan tudu. Tana sauke baitin ƙarshe, mata na guɗa, sai jitar ta ce durummm, ta ja shi har ya ƙare, sannan ta ce fat. Aka sauya batir, aka sauya waya, aka jijjiga. Rai ya yi halinsa.

An aika hoton cikinta ga mai shago ta waya. Amsarsa gajeriya ce: "Malama, wa ya gasa ta?" Ya ƙara da cewa garantin ya riga ta rasuwa, tun lokacin da aka yage tambari, kuma irin wannan allon kamfani kaɗai ke da shi, kamfani kuwa yanzu bai san ta ba.

Ta rasu ta bar amfilifaya guda, wanda tun ranar bai ce uffan ba sai huci. Ta bar waya mai tsawon gaba biyu, da jaka mai yagaggen zif, da batir sabo fil wanda bai samu yi mata hidima ba. Ta bar 'yan amshin Inna Tani, waɗanda suka ce yanzu ƙwarya sai ka ce miya ba daddawa. Ta bar wa mai ita kanta mai tauri a yatsu. Ƙusar kuma tana nan, an ajiye ta, ba a tuhumar ta da komai, umarni ta bi.

Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta son ruwa tun tana raye. Za a goge ta da tsumma mai laushi, a sassauta mata tsirkiya, a sa ta a jakarta, a kai ta makwancinta a saman kwaba a ɗakin mai ita da ke Birnin Kudu, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a nan tsakar gidan. An tanadi inuwa da kunun zaƙi ga masu addu'a. Masu zuwa da "ai da kin ji magana" an shimfiɗa musu tabarma ta daban, a rana.

Mai ita ba ta neman a tausaya mata, kuma ba ta ce ta yi kuskure ba. Abin da ya tafi dai ya tafi. Ba jita, ba sabuwar da kamfani zai bayar, ba ta kuma san ranar da za ta iya sayen wata ba. Baba ya ce in ma ta saya, wannan karon ba mai tsaya mata. Yaya Jafaru tun ranar nan in ta gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Kubra, wadda ta gaji ƙwaryar Inna Tani, ta aiko cewa akwai wuni a Sara mako mai zuwa. Sharifa za ta shiga bas ita kaɗai, ta zauna a sahun baya cikin 'yan amshi, ta yi tafi.