Rasuwar Baron Malam Sama'ilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da ciwo, ni Sama'ilu Dabo, malamin fiziks a sakandaren garinmu da ke kusa da Kunci, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar barona. Ya cika ranar Talata da hantsi a burtalin gonarmu, yana ɗauke da dammunan gero. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shigo gidana shekarar da na auri Hure, yana kore shar, don ya riƙa kai taki gona. Ba don karantarwa aka saye shi ba. Sai dai ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu iska ta yaye masa kwano tun kafin a turo ni, kayan da aka zana a littafi kuwa ba yaron da ya taɓa ganinsu. Na daɗe ina zana kibiyoyi a allo, ɗalibai suna kwafa, ba abin da ke shiga. Rannan na gaji, na turo shi har filin makaranta.

A nan ya nuna ko shi wane ne. Na sa ɗalibai biyu masu ƙarfi ɗaya, wannan ya tura ta baya, wancan ya tokare ta gaba. Suka yi sharkaf da gumi, baro ko gezau. Na ce musu ƙarfi yana nan, amma ya cinye juna, kuma abin da ke sauya tafiya shi ne ragowar da ta saura a ɓangare ɗaya. Wata ɗaliba mai suna Maijidda ta kama wa mai turin da hannu guda, nan take marigayin ya motsa, ya shiga ƙara gudu. Muka ɗora masa buhun ƙasa, aka yi turin nan dai, gudun ya ƙaru amma a hankali, saboda nauyi. Maijiddar ce ta tambaye ni abin da ya sa idan ina tura shi a rairayi gudunsa ba ya ƙaruwa, alhali ban daina turi ba. Na ce rairayi ne ke karɓe duk abin da na bayar, ragowa babu, shi ya sa tafiyar take zama a gudu ɗaya. Tun daga ranar, duk ajin da ya zo wannan babi, marigayin ne ke tsayawa a gaba, ni ina gefe.

Ya kasance mai haƙuri, marar ƙorafi. Bai taɓa neman mai ba, ko a lokacin da fetur ya fi ƙarfinmu na jingine babur a zaure. Da takin zamani ya gagara, shi ya yi ta jigilar kashin awaki da toka har gona. Da albashi ya koma ba ya kai tsakiyar wata, shi ya riƙa kai gyaɗar Hure inji, ya dawo da ita, ya kai ƙuli-ƙuli kasuwa. A damina waccan, da zazzaɓi ya kwantar da Hure aka rasa abin hawa a garin nan, tabarma na shimfiɗa a cikinsa na tura ta har asibitin sha-ka-tafi. Duk tsawon hanyar abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙiiƙi, ƙiiƙi, ƙiiƙi." Hure ta ce wannan kukan ne ya hana ta suma.

Jinyarsa ta daɗe. Taki ya cinye masa ciki, tsatsa ta huda shi, na toshe da guntun langa-langa. Boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ya mutu, man giris ya yi tsada, muka koma ɗiga masa man gyaɗa. Nababa maƙeri ya ɗaure masa ƙafa har ya gaji, ya ce mini in bar shi ya huta. Na ji maganar. Amma gero ya nuna, kuma ba ni da wani.

Ranar Talatar taya ta nutse a rairayi. Na tura da hannu, na tura da ƙirji, na kafa ƙafa na ba shi duk abin da ya rage a jikina, bai matsa ko taku ɗaya ba. Na san dalili sarai, ni nake koyar da shi, sanin kuwa bai rage mini komai ba. Haka shekarun nan suke yi mana: ba turi muka daina ba. Da na sake yunƙurawa sai ya ce "ƙas", ƙarfen da ke riƙe da taya ya rabu biyu, ya kwanta a gefensa a hankali. Na zauna kusa da shi har rana ta take.

Ya rasu ya bar ni, da Hure, da fartanya biyu, da babur da ba ya tashi, da 'yan ajin ƙarshe waɗanda jarrabawa ke gabansu ba su kai wannan babi ba. Maijidda, wadda yanzu take koyon aikin jinya a Kano, ta aiko da ta'aziyya.

Ba za a yi masa salla ba, domin ƙarfe ne. Ranar Juma'a bayan la'asar za a ɗauke shi a ka zuwa maƙerar Nababa, wanda ya ce abin da tsatsa ta bari zai isa lauje ko biyu. Za a karɓi gaisuwa a gona, ba a gida ba, don geron yana can zube kuma awakin gari sun gano shi. Duk mai zuwa, don Allah ya taho da gammonsa.