Inda Ɗigon Ya Sauka

"…lafiya lau, angona, sai dai an yi mini sata a cikin gidanka."

"To madalla. Ya gajiya?"

"Na ce an yi mini sata."

"Na ji. Ai ba a katse gaisuwa don an ɗauke wa matalauciya tsumma. Ya mutanen Japan?"

Tsohon yana zaune a bakin gado, ya haɗe gwiwoyi kamar mai jiran allura. Jikarsa ta tsaya a ƙofa da jaka a kafaɗa, hannunta riƙe da katunan da ta yanka daga kwalin sabulu ta ɗaure da roba. Wata uku ke nan da ta fara koyon kanji, rubutun nan na Japan da zane ɗaya ke tsayawa a matsayin kalma guda. A gaban kowane kati ta zana harafin, a bayansa ta rubuta ma'anarsa da Hausa. Guda tamanin ne. Yau da ƙarfe sha biyu za a yi musu jarrabawar farko, kuma tun da ta tashi take ƙirgawa tana samun saba'in da tara.

Na tamanin ɗin yana ƙarƙashin cinyar kakanta.

Shekara arba'in da suka wuce, lokacin yana makanike a wani babban gareji, an kawo wani injiniya daga Japan don ya koya musu sababbin injina. Ranar da mutumin zai tafi, ya zana masa harafi ɗaya a farar takarda yana ta dariya. Tafinta ya ce ma'anarsa "babba". Aka sa takardar a firam aka rataye a saman gado, kuma daga ranar har 'ya'yan cikinsa Babba suke kiransa. Kwana uku da suka wuce ya ɗauki katunan yarinyar yana juyawa, neman abin tsokana kawai yake yi. Sai ya ga wanda aka rubuta wa "babba": mutum ne ya buɗe ƙafafu ya shimfiɗa hannuwa, sak irin nasa, amma babu ɗigo. Nasa kuwa da ɗigo. Ya ci gaba da lalube har ya sami mai ɗigon, ya juya bayansa. An rubuta "kare".

Tun daga lokacin ko shayi bai yi masa daɗi ba.

"Tashi in duba gadon nan," in ji ta.

"Ba a tashin miji a ɗakinsa."

"Miji? Mijin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Suna kwana a kofi ne don kada su farka su ga fuskarki."

"Guda ukun da suka rage a bakin ai sun jure."

"Su ma sun rubuta takardar ajiye aiki. Amarya, yanzu kati ɗaya ne zai kayar da ke? Zauna in yi miki jarrabawar da kaina. Ni da na yi wata uku ina cin abinci tebur ɗaya da mutumin Japan."

"Ka koyi kalma nawa?"

"Ba ma buƙatar kalma. Ni da shi da sifana muke magana. Ido, yaya suke ce masa?"

"Me."

"Na ce ido."

"Me."

"Ido! Wannan da kike zare mini!"

"Me, Babba."

"La ilaha. Yarinya ta kurmance tun ba ta kai ashirin da biyar ba. Wa zai karɓe ki yanzu in na sake ki?"

Ta fashe da dariya har jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta zaro katin ta nuna masa: ɗan akwati a tsaye da layi biyu a ciki. "Sunansa ke nan. Su ido *me* suke ce masa."

"Wato in mutum ya je wurin likita a can, a ce ina ke maka ciwo, ya ce me, likita ya maimaita, ya sake cewa me, har a tashi daga aiki?"

"Haka za a yi da kai dai."

"Shi ya sa suke ƙera mota mai kyau. Babu hira, sai aiki."

Ya gyara zama ba tare da ya ɗaga cinyar ba. Tambayar da ke cinsa ta hau masa har maƙogwaro, sai ya sa mata rigar wasa kafin ya sake ta, yana kallon fanka kamar ita yake tambaya.

"To shi babba fa? Wancan mai buɗe ƙafafu."

"Dai."

"Dai me?"

"Ka haɗa *dai* da *me* ke nan, babban ido."

"Ke, ƙarasa maganarki. Dai me?"

"Dai kawai. Ɗaya daga cikin yadda ake karanta shi ke nan."

"Mutane su ɗauko magana su ajiye ta a tsakiyar hanya! Kuma… shi ba ya zuwa da ɗan ado? Irin na manyan mutane? Ɗan ɗigo haka, a matsayin hula?"

Ta ɗago kai. Idonta ya wuce shi ya sauka a bango. A saman gadon akwai wani fili mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran haske, da ƙusa a tsaye ita kaɗai.

"Ina firam ɗinka?"

"An kai wanki."

"Firam?"

"Gilashin ne ya kamu da mura."

Dariyar ta tsaya mata a rabi. Ita ma da nata abin da take zaune a kai. Wannan takardar ce ta ja ta ga rubutun tun farko. Tun tana ƙarama take hawa gadon tana bin zanen da yatsa. A satinta na farko a aji ta nuna wa malaminsu hotonsa a waya, ya gaya mata abin da yake nufi, ta dawo gida ta haɗiye. Ta gaya wa kanta tausayi ne ya hana ta magana. Gaskiyar ita ce akwai daɗi a riƙe wa mutumin da ya fi ka baki wani makami da bai san kana da shi ba, kuma ta so ta ajiye shi sai ranar da zai fi tsada.

Ta zauna a kan akwatin sifanunsa. "Ka gano ke nan."

"Na gano."

"Wallahi tun satin farko na sani. Na yi shiru ne kawai."

"Wata uku! Wata uku kina kawo mini shayi kina kallona, kina faɗin sunan a ranki!"

"Haba, ai ba abin kunya ba ne. Mutane da yawa haka suke."

"Mutane da yawa?"

"Rabin layin nan. Mai shagon ƙasa ma ai ya fi ka."

"Wannan na yarda. Amma ni?"

"A hotunanka na da ai ana gani ƙarara. Kuma ya yi maka kyau. Ni kaina da zan samu kaɗan ina so."

"Ki zama…? Subhanallahi. Karatun nan ya taɓa ki."

"Kuma a lokacin ai an ce komai aka ajiye sai ka cinye, har na abokan aikinka."

"Ci daban, wannan daban! Wa ya taɓa jin na yi haushi? Wa na ciza? Na koya wa mutumin nan yadda ake jin ciwon inji da kunne, na ba shi kujerata, na raka shi har filin jirgi ina ɗaga hannu kamar wawa, ashe shi kare ya rubuta ya ba ni in rataye a kaina!"

Muryarsa ta karye a kan kalmar. Ya juya fuska wajen taga da sauri, yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ta dube shi. Sannan kafaɗunta suka fara rawa.

"Kare?"

"Kar ki maimaita a ɗakina."

"Babba… ɗaga cinyarka."

"Ba zan ɗaga ba."

"Ɗaga, ko in kira Mama in ce mata mijina ya kwana uku yana kwanci a kan kwalin sabulu, muna jiran ƙyanƙyasa."

Ya ɗaga. Katin ya fito a lanƙwashe, da ɗumi. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo firam ɗin daga bayan tsofaffin takalmansa, ta share ƙurar da gefen hannu, ta jera su biyu a kan katifa.

"Sa tabarau. Ina ɗigon kare yake?"

"Ga shi nan. A sama, wajen kafaɗa."

"Naka fa?"

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "A ƙasa. Tsakanin ƙafafu. To ai ɗigo ɗigo ne. Shekara arba'in a rataye, ba dole ya zamo ƙasa ba?"

"Kai ne fa kake cewa noti ɗaya in ya bar gidansa mota ta zama kujera."

"Wannan inji ne."

"Wannan ma inji ne. Babu ɗigo, babba. Ɗigo a kafaɗa, kare. Ɗigo a ƙasa, wani abu daban. Ba ya cikin tamanin ɗina, sai a aji na gaba ake koyar da shi, shi ya sa ba ka same shi ba, ɓarawon da bai iya sata ba."

"Wani abu daban me?"

"Ido."

"Amarya, zan yi miki saki uku a tsaye!"

"*Futoi*."

"In fito ina? Ɗakina ne!"

Ta kife a kan katifa tana bubbuga ta da hannu, hawaye na zuba. Da ƙyar ta haɗa numfashi. "Mai ƙiba, Babba. Ƙato. Mai tumbi. Abin da ya rubuta maka ke nan."

Tsohon ya tsaya cak. Ya dubi takardar, ya dubi hannuwansa da suka zama kamar sandar tsintsiya, ya dubi wurin da cikinsa yake a da. Can sai ya ce a hankali, "Ya buga mini ciki."

"Wa?"

"Mutumin. Da ya miƙo mini takardar, ya buga mini ciki sau biyu, ya kama nasa yana dariya. Ni na ɗauka zuciya yake nufi, hannunsa ne bai kai ba don gajere ne." Bakinsa ya fara buɗewa, haƙoran nan uku suka bayyana. "Shi kuma tafinta, munafukin Allah, ya dube ni ya dubi sifanar da ke hannuna, ya ce babba!"

Dariyar da ta fito masa sai da ta sa shi tari. Ya rungume firam ɗin a ƙirji yana girgiza, yana share ido da bayan hannu.

"Mai ƙiba! Alhamdulillahi! Mai ƙiba!"

"Ban taɓa ganin wanda aka zaga yana godiya ba."

"Ke me kika sani? Lokacin in na shiga ƙarƙashin mota sai an ƙara jak. Duk garin nan wa ke da takardar shaidar ƙiba daga ƙasar waje? Ke da iska ke tambaya ko za ki raka ta?"

"In ka so in ƙara maka, malaminmu ya ce da wannan harafin ake fara rubuta sunan rana, wadda ke sama."

"A'a, bar rana a inda take. Kar ki yi mini irin ta tafinta. Tumbin nawa ne, da gumina na tara shi." Ya miƙa mata firam ɗin. "Hau ki mayar. Kuma maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Ta hau gadon ta rataye shi a ƙusarsa, ta daidaita. "Ta mutu? Wata uku ina kiwonta. Bakina yana da tsada, angona."

Ya yi tsaki, ya jawo akwatin sifanun, ya tona can ƙasa ya fito da wani siririn abu naɗe a tsumma. Alƙalamin gashi ne mai baƙar ƙota, bakinsa ya bushe ya sandare.

"Da shi ya rubuta. Ya bar mini, ni kuma ban san abin da zan yi da shi ba sai share kabureta, shi ma ban yi ba. Jiƙa shi a ruwa zai farfaɗo. Kin ci, mayya. Tafi kar bas ya bar ki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta cusa katin na tamanin cikin 'yan'uwansa ta nufi ƙofa da sauri, kafin ya ga fuskarta.

"Amarya!"

"Na'am, mai tumbi?"

"In sun kawo miki kare a jarrabawar, ɗigon a kafaɗar dama yake, ya ɗan karkata. Kar ki kuskura ki faɗi wannan. Kwana uku na yi ina yi miki bitarsa."