Ranar da Na Raba Rukunina Biyu

Babu ɗaukakar da ta kai ta shugaban da ya haifi shugaba. Haka aka koya mana a ikilisiyarmu ta Jibiya. Da rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki ya cika falona, na ce mu rabu biyu: wasu su zauna, wasu su bi Iliya, direban hanyar Maraɗi da na horar. Har na roƙa kada a bar bawan Allah shi kaɗai.

Kowa ya ji roƙona, ya bi Iliya. Matata ce ta tashi ƙarshe: "Baban Ladi, in ka gama wa'azin, tuwonka na cikin kula."

Har yau Fasto na kirana gwanin horarwa, jama'a na ƙunshe dariya. Rukunin Iliya ma ya rabu, matata ke jan ɗaya. Can nake zama, a bencin baya.