Aron Littafi a Gaban Mai Unguwa

A Malumfashi aka yi wani tela, Sallau, yana da wani tsohon littafin Turanci da ya gada wajen yayansa. Labari ne na yadda Turawa suka shigo wani gari a matsayin baƙi, suka ce taimako suka zo yi, kafin mutane su farga gari ya zama nasu. Maƙwabcinsa Barau ya ari littafin da damina, a kan zai dawo da shi ranar Juma'a. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Da 'yar Sallau ta kai ajin ƙarshe aka ce littafin zai fito a jarrabawa, sai ya je karɓa. Barau ya ba shi ruwa ya sha, ya tambayi iyali, ya rako shi har bakin titi, bai ba shi komai ba. Sallau ya kai ƙara wajen mai unguwa.

Barau ya zo da littafin a hammata. Ya yi masa bango da kwalin sukari, ya rubuta sunansa a kai da manyan baƙaƙe.

Mai unguwa ya ce, "Barau, littafin nan na wane ne?"

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, nasa ne, ban taɓa musu ba. Riƙe masa nake yi. Lokacin da na same shi gara ta fara ci, kuma a kansa ake ɗora fitila. Ni na liƙe shi, ni na yi masa bango. Har yau ko sannu bai ce mini ba."

"To sunanka fa da ke jiki?"

"Don kada wani ya ɗauke masa."

"Yaushe za ka mayar?"

"Da zarar na ga ya isa riƙe littafi. Irin wannan ba a gaggawa. In yarinyar tana so, ta zo zaurena ta karanta, ban hana ba. Sai dai ta share zauren tukuna."

Sallau ya miƙe yana huci, aka zaunar da shi. Mai unguwa ya karɓi littafin, ya juya shi gaba da baya, ya tuna shi ma yana da ɗa a ajin ƙarshe. Ya ɗaga buzunsa ya cusa shi a ƙasa, ya gyara zama.

Ya ce, "Ni ba na son rigima tsakanin maƙwabta. Zai zauna wajena har ku shirya. Af, Sallau, ni fa ban karanta ba. Yaya labarin ya ƙare?"

Sallau ya dubi buzun, ya jawo takalmansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da idonka. Yanzun nan ka kai mu shafin ƙarshe."